Gwaggo, ga amsar tambayarki a kan hoton gidan tsofaffi

Gwaggo, ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Ya sanyi, ya ƙafar taki? Saƙonki na murya sau uku na saurare shi a cikin bas ina dawowa daga aiki. Na so in mayar miki ta murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta, yaran gida su karanta miki a tsanake. Na san kuma ba ke kaɗai ke da wannan tambaya ba, don duk zuwan da na yi Kano sai an yi mini ita, wani a fili, wani a kaikaice.

Hoton da ya tayar miki da hankali ni ce a tsaye da hijabina da rigar aiki, a gabana wata tsohuwar Baturiya a keken guragu da jar hular takarda a kanta, bayanmu kuma bishiyar Kirsimeti. Kika ce, "Yanzu ke 'yar nan Kirsimeti kike yi?" Kika ce, "Da gaske ne mutanen nan in iyayensu sun tsufa sai su kwashe su su kai gidan gajiyayyu?" Sai can a ƙarshe muryarki ta yi ƙasa, kika ce, "Ke ma nan 'ya'yanki za su kai ki?" Wannan ta ƙarshen ita ce ta hana ni barci.

Sai na fara da sanyi, don in ba a fahimci hunturun ƙasar nan ba, sauran labarin ba zai zauna ba. A Manchesta, a kwanakin ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas da kwata, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Wato ƙarfe huɗun da ku kuke idar da la'asar kuna shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu a namu agogon mun yi magariba. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke haɗuwa. Ni da ke aikin awa goma sha biyu, daga takwas zuwa takwas, sai in yi kwana uku ban ga rana da idona ba sai ta taga. Dusar ƙanƙara da kuke gani a talabijin ba kullum take sauka a garinmu ba. Abin da muke fama da shi ruwa ne da iska mai shiga ƙashi, sai kuma ƙanƙarar da ke daskarewa a kan hanya da dare, wadda ido ba ya ganinta sai ƙafa ta zame. Tsoho ya faɗi a kanta ƙugu ya karye, da yawa daga nan ba sa sake komawa gidajensu.

Sanyinmu na gida tara mutane yake yi. Na tuna yadda kike hura garwashi a kasko da asuba, mu kewaye ki muna jin ɗumi, kina shafa mana man kaɗe a kaushi. Sanyin nan kuwa raba mutane yake yi. Kowa ya shiga gidansa ya rufe ƙofa, maƙwabci bai san halin maƙwabci ba. Tsohuwa mai shekara tamanin da biyar, miji ya rasu, ɗa yana Landan, 'ya tana Ostareliya, sai ta yi kwana huɗu ba ta yi magana da ɗan'adam ba. Wata ma don tsoron kuɗin gas sai ta kashe hita ta ƙudundune da bargo, alhali likitoci na cewa kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18. Irin wannan rayuwar ce da yawa daga cikin mazauna gidanmu suka baro.

To, gidan da nake aiki ba irin gidan gajiyayyun da kika sani ba ne, inda ake kai wanda ba shi da kowa ba shi da komai. Mutum arba'in da 'yan kai ne a ciki, kowa da ɗakinsa da banɗakinsa, da hotunan iyalinsa a bango, wata har da kujerar da ta zo da ita daga gidan aurenta. Akwai tsohon malamin makaranta, akwai direban bas ɗan Jamaika, akwai matan da suka yi ƙuruciyarsu a masaƙun auduga kafin a rufe su. Kuɗinsa kuma ba wasa ba ne: a gidaje da yawa ya haura fam 1,000 a mako. A Ingila duk wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biya wa kansa, in kuma babu mata ko miji ko wani da doka ta keɓe da ya rage a gidan nasa, sai a lissafa gidan cikin dukiyar. Ki duba wannan da kyau, Gwaggo. Ɗan da ya kawo uwarsa nan, sau da yawa gadonsa ne yake kallo yana narkewa mako-mako. Wanda ke neman sauƙi ba haka zai yi ba.

Abin da ke kawo su galibi gigin tsufa ne. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ce kashi 70 cikin 100 na mazauna irin waɗannan gidaje suna da wannan ciwo ko mantuwa mai tsanani. Uwa ta kunna girki ta manta, ta fita ƙarfe ukun dare da rigar barci tana neman makarantar da ta bari shekara saba'in da suka wuce. A gidanki, in haka ta faru, akwai surukai uku, akwai jikoki, akwai almajirin gida, akwai masu zama a soro da za su ce "Iya ina za ki?" A nan kuwa gida ne ƙuntatacce mai matattakala, ɗakin kwana da banɗaki a sama, miji da mata duk sun fita aiki tun da duhu, yara suna makaranta. Wani tsohon ma sai da na'ura ake ɗaga shi daga gado, kuma mutum biyu ke sarrafa ta.

Ba zan wanke su duka ba. Akwai waɗanda aka ajiye aka juya baya, shekara ta zagayo ko waya babu, kuma duk sanda na shiga ɗakin irinsu raina ɓaci yake yi. Ba zan kuma ce miki gidajen ba su da aibu ba. Ma'aikata sun yi kaɗan, albashin bai taka kara ya karya ba, wani lokacin kana wanke wannan ƙararrawar wancan tana kuka, ka san yana jira kuma ba yadda za ka yi. Akwai hukumar da ake kira CQC mai zagayawa tana dubawa tana ba da maki, dole kuma a manna makin inda kowa zai gani, amma maki ba ya riƙe hannun tsoho. Sai dai a gidan nan na ga wani dattijo mai shekara kusan casa'in da ke zuwa kullum ƙarfe goma sha ɗaya, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, da kwat ɗinsa da sandarsa, ya zauna ya ba matarsa abinci a baki cokali-cokali. Ta daina gane shi tun shekara biyu da suka wuce. In ya gama sai ya goge mata baki, ya taje mata kai, ya ce mana mu kula masa da yarinyarsa. Shi ya kawo ta da hannunsa, ranar kuma da ya kawo ta ya fi ta kuka.

Yanzu maganar biki. Masu gigin tsufa suna da wani lokaci da muke shan wuya da su, wato daidai almuru. Da rana ta fara faɗuwa sai hankalinsu ya tashi: wannan ta ɗauki jaka za ta ɗauko yara daga makaranta, wancan yana jijjiga ƙofa zai tafi gida uwarsa na jiransa. A hunturu wannan tashin hankalin tun ƙarfe uku da rabi yake farawa, daren kuma ga tsawo. Ga mura, ga cutar amai da gudawa mai yawo a wannan lokaci, wadda in ta shigo sai a hana baƙi zuwa kwana da kwanaki. Ba a fita lambu, ba a zuwa ko'ina. Yau kamar jiya, gobe kamar yau. Shi ya sa akwai ma'aikaciya guda da ba ta da wani aiki sai shirya abin da zai bambanta ranaku, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu ba ta zama.

Ranar 5 ga Nuwamba ana wasan wuta a duk ƙasar, tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisa da aka yi a 1605. Mu dai ta taga muke kallo, muna rufe labule ga waɗanda ƙarar ke firgitawa. Ta 11 ga wata ta fi taɓa ni. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai ake yin shiru na minti biyu don waɗanda suka mutu a yaƙi, kowa da jan fure na takarda a ƙirji. Za ki ga tsohon da ba ya iya faɗin sunansa ya dafa kujera yana ƙoƙarin miƙewa tsaye. Ni a wannan shirun tsofaffin sojojin yaƙin Bama nake tunawa, waɗanda muka taso muka tarar a unguwa, don su ma yaƙin ƙasar nan suka je.

Da Disamba ta kama sai a fito da bishiya, a zauna a falo ana rataya mata ado. Aikin da ma'aikaci ɗaya zai gama a minti ashirin sai mu bar shi ya ci yini, don kowa ya sa hannu. Ana rubuta katunan gaisuwa, mu riƙe wa mai rawar hannu alƙalami. Sai ranar da 'yan firamaren unguwa ke zuwa su yi musu waƙoƙin Kirsimeti. Gwaggo, a nan na ga ikon Allah. Tsohuwar nan ta cikin hoton wata takwas ban ji ta haɗa kalma uku ba, kullum kai a sunkuye. Da yaran suka fara, sai na ga leɓenta na motsi, can sai murya ta fito, ta bi waƙar daga farko har ƙarshe ba ta tsallake baiti ba. Abin da aka koya tun ƙuruciya shi ke rage wa mutum bayan komai ya tafi. Take na tuna Kaka a shekararta ta ƙarshe, ba ta gane ku ba amma in aka ja mata Ƙulhuwallahu sai ta ƙarasa.

Ranar 25 kanta, tun safe muke yi musu wanka, a sa wa kowa kayansa masu kyau, mata a gyara musu gashi. Da rana a ci talotalo da gasasshen dankalin Turawa da wasu 'yan mitsi-mitsin kabeji. A gefen kowane faranti akwai wani naɗin takarda kamar ƙatuwar alewa, mutum biyu su ja ya fashe da ƙara, a ciki ake samun hular da kika gani. Ƙarfe uku kuma kowa ya yi tsit a gaban talabijin don jawabin Sarki, al'adar da aka fara ta rediyo tun 1932. Har yanzu rabinsu "Sarauniya" suke cewa, don ta yi shekara 70 a kan gado kafin ta rasu a 2022, wasunsu ba su san wani mai mulki ba tun suna 'yan mata.

Matsayina a ciki kuwa a bayyane yake, kuma kowa a gidan ya sani. In limamin coci ya zo yin addu'a, nakan tura masu so a kekensu har falo, in gyara musu bargo, in koma bakin aikina. Giyar da ake ɗan zuba musu ba na ɗauka ba na miƙawa, abokiyar aikina ke yi, ni in karɓi rabon shayi. Naman ba na ci, da abincina nake zuwa. Azahar da la'asar a ɗan ɗakin ajiyar barguna nake yi, manaja da kanta ta ba ni wurin. Mu Musulmin da ke wannan aiki, Hausawa da Yarabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa, mun saba mu karɓi aikin ranar Kirsimeti don abokan aikinmu Kirista su je ga iyalansu, su kuma su tsaya mana ranar Sallah. Ba a rubuce yake ba, amma ba a taɓa saɓawa ba. Na yi tambaya a wurin malamai tun farkon kama aikin, hankalina kuma a kwance yake: ban yi bautar kowa ba, tsohuwa na ciyar a ranar da ta fi kowace rana jin kewar 'ya'yanta.

Don ranar tana da ɗaci ga wasu. Falo ya cika da jikoki da tattaɓa-kunne da ƙunshin kyauta, ga wata a gefe ta sa ido a ƙofa tun safe. Muna tara kuɗi a tsakaninmu mu sayi safa ko turare mu naɗe da sunan duk wanda muka san ba mai zuwa masa. Tsohuwar hoton tana cikinsu. Ita ta kama hannuna ta ƙi saki, aka ɗauke mu a haka. Kirsimetin 2020 kuwa, lokacin korona, kowa ya zama marar baƙo: 'ya'ya a tsaye a waje cikin sanyi, sun manna tafin hannu a gilashin taga, uwa ta manna nata daga ciki. Ba na son tuna wannan shekarar.

Saura tamu, mu Hausawan nan. Gaskiya har yau abin kunya ne a cikinmu a ce wane ya kai mahaifinsa gidan tsofaffi, kuma ayar nan ta 23 a Suratul Isra'i tana kan harshen kowa, inda aka ce in sun tsufa a wurinka kada ka ce musu tir. "A wurinka" ɗin nan ita ke mana nauyi. Yawancinmu iyayenmu suna gida, sai dai aike da waya da zuwa in an samu hali, don tun 2012 aka tsaurara dokar kawo iyaye su zauna dindindin, bizar ziyara kuma wata shida ce. Waɗanda suka zo ma, da sanyi ya kama sai su ce a mayar da su. Amma akwai waɗanda suka zo karatu tun shekarun 1970 da 1980 suka zauna, yanzu su ne dattawanmu. Kullum suna cewa in sun yi ritaya za su koma, sai ga magani a nan, likita a nan, jikoki a nan, waɗanda za a koma wa a gida kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Shekara biyu da suka wuce aka kira ni wani gidan tsofaffi, ba namu ba, aka ce akwai wani ɗan Najeriya da ya ƙi cin abinci yana ta faɗa, ko zan zo in ji yarensa. Na tarar da dattijo Bakano, ɓarin jikinsa ya shanye, ga gigin tsufa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aiki da Turanci, ciwon ya share Turancin tas, Hausa kaɗai ta rage. Ma'aikaciyar ta ce mini kullum abu ɗaya yake nema, suna kawo masa yana turewa. Ta nuna mini faranti: burodi ne an shafe shi da man shanu. A bakin mutanen Manchesta, sunan man da ake shafa wa burodi "buta" yake fita. Shi kuwa bawan Allah buta yake nema zai yi alwala. Kwana tara yana roƙon ruwan alwala ana miƙo masa burodi.

Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?" Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "'Yar wace ce ke?" Na samo roba na ɗebo ruwan ɗumi, na wanke masa hannun da ba ya motsi, ya yi sauran da kansa, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Na juya kekensa gabas maso kudu, inda alƙiblarmu take a nan. Da na fito sai da na zauna a mota na yi kuka mai isata.

Matarsa tsohuwa ce mai ciwon baya, 'ya'yan sun yi iya yinsu har babbar ta kusa rasa aikinta, kunya kuma ta sa suka ɓoye wa jama'a inda yake. Ɓoyewar nan ita ta cuce shi. Da maganar ta fito a taron mata, an fara 'yan gutsiri-tsoma, sai wata Hajiya 'yar Kumasi ta ce, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa, duk wadda ke zaune a nan ta ƙirga 'ya'yanta ta ƙirga matattakalar gidanta. Aka yi shiru. A ranar muka tsara juyi a WhatsApp. Yanzu mata na kai tuwo mai laushi da miyar kuka ko kunun gyaɗa sau uku a mako, bayan nas ta gwada mana kaurin da zai iya haɗiya ba tare da ya shaƙe ba. Maza na zuwa ranar Juma'a bayan masallaci su yi masa karatu. An rubuta wa ma'aikatan kalmomi goma sha biyu a takarda an manna a bango: ruwa, buta, sanyi, ciwo, sannu, da sauransu. An sa a takardunsa cewa namiji ne zai yi masa wanka, naman halal zai ci, in kuma ta Allah ta kasance a kira mu nan take, don a yi masa sutura yadda ya kamata ba tare da jinkiri ba.

Da ƙaramar Sallar 2025 muka je mu kusan ashirin, da waina da cincin da dambun nama, yara sun sha kwalliya. Muka sa masa babbar riga da hula. Gidan suka ba mu falo, tsofaffin Turawa suka fito kallo, wata tana shafa leshin 'yata tana tambaya ko aure ake yi. Yadda muke tura su wurin bikinsu, haka ranar ma'aikatan suka tura su wurin namu. Azumi kuma yana ta gangarowa cikin sanyi: na 2025 a farkon Maris ya kama, na 2026 a Fabrairu, zuwa 2030 a farkon Janairu zai kama. Nan da 'yan shekaru Sallarmu da Kirsimetinsu a cikin duhu ɗaya za a riƙa yin su.

Tambayarki ta ƙarshe na kai ta gaban yaran a kan abinci. Babban ya ɓata rai ya ce har abada. Na ce masa kada ya yi rantsuwa a kan abin da bai gani ba. Burina in tsufa a ɗakina, a Kano in Allah ya yarda, ko a gidan ɗayansu. Amma in ciwo ya fi ƙarfinsu, na ce kada su ɓoye ni don kunya. Su faɗa wa jama'a inda nake, su zo kullum, su tabbatar akwai buta a ɗakin.

Ina da roƙo, Gwaggo. Baban nan ɗan cikin birni ne, kullum yana tambayar Kurmi da Dala, yana tambaya ko hazo ya sauka. Hausarmu ta nan ta gauraya, yaranmu kuma tasu ba ta nuna ba. Ki sa a ɗaukar masa muryarki, ki gaishe shi irin gaisuwarku ta da, ki ba shi labarin gari da farashin gero, amma kada ki ambaci rasuwar kowa. In kiran sallar masallacin unguwa ya shiga cikin ɗaukar, a bar shi. In kuma an samu mai tahowa, a haɗo mana kuka da daddawa da man kaɗe, ƙafafunsa duk sun yi faso. Kada dai a sa kilishi, ƙwacewa ake yi a filin jirgi.

A gaida mutanen gida duka.